Mabuɗin Ƙagaggen Labari: Shawarwari ga Sababbin Marubuta

Gabatarwa

Littafin ƙagaggen labari yakan kai shafi ɗari biyu ko fiye, amma mai karatu ba ya jiran shafi na ɗari biyu kafin ya yanke masa hukunci. Wanda ya tsaya gaban mai sayar da littattafai a kasuwar Maraɗi ko a kasuwar Dole ta Damagaram yakan buɗe shafin farko, ya karanta layi biyar ko goma, sannan ya sa hannu a aljihu ko ya mayar da littafin inda ya ɗauko shi. Wanda aka turo wa labari ta wayar salula ya fi shi gaggawa, domin yatsa ɗaya ya ishe shi ya kawar da labarin ya shiga wata sabga. Alƙalan gasa da masu tace rubutu a gidajen ɗab'i su ma da tarin takardu a gabansu, kuma daga shafukan farko suke fara ware wanda za su bi har ƙarshe. Ke nan marubucin da ya yi shekara biyu yana aiki yana iya rasa mai karatunsa cikin minti biyu.

Wannan maƙala tana magana ne a kan wannan ɗan wuri, wato mabuɗin labari: jimlar farko, sakin layi na farko, da shafuka biyu ko uku da suke biye. Abin da take son nunawa shi ne, aikin mabuɗi shi ne ya zaunar da mutumin da bai yi alkawarin zama ba, kuma yawancin kayan wannan aiki ƙananan zaɓe-zaɓe ne na nahawu, waɗanda ɗalibin kimiyyar harshe ya riga ya san sunayensu tun a aji.

Daga Dandali Zuwa Takarda

Mai tatsuniya ba ta fama da matsalar tara jama'a. Kafin tsohuwa ta buɗe baki, yara sun ci tuwon dare sun kewaye ta. Da zarar ta ce ga ta nan ga ta nanku, suka amsa ta zo mu ji ta, magana ta ƙullu: ita za ta faɗa, su za su saurara har ƙurunƙus. Sun san Gizo da Ƙoƙi tun ba yau ba, sun san Kura za ta sha kunya a ƙarshe. Idan ta ga wani ya fara gyangyaɗi sai ta sauya murya ko ta jefo waƙa. Marubuci ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ya ganin fuskar mai karatu, ba wanda ya amsa masa, kuma taurarinsa baƙi ne a wurin kowa.

Marubutan farko na ƙagaggen labarin Hausa sun lura da wannan giɓi. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. Uku daga cikinsu sun bi hanya guda: sun gina dandali a cikin littafin. Ruwan Bagaja ya buɗe da Koje Sarkin Labari, mai yawon neman labarai, wanda ya isa Kwantagora ya zauna yana sauraron Alhaji Imam. Shaihu Umar ya buɗe da malami a garin Rauta, kusa da Bauci, wanda almajirinsa ya tambaye shi asalinsa. A Ganɗoki kuwa tsohon mayaƙi ne yake ba yara labarin abin da ya gani.

Wannan dabara tana da dalili. Masu karatu na wancan zamani sun saba da jin labari daga bakin mutum, ba su saba da zama su kaɗai da takarda suna bin labarin da aka ƙaga ba. Sai marubuci ya shimfiɗa musu tabarma a cikin littafin, ya sa wani ya zauna a madadinsu. Mai karatu na yau ya gaji shekaru casa'in na littattafai, ga rediyo, ga finafinai, saboda haka ba ya buƙatar a sake shimfiɗa masa wannan tabarma. Abin da ya kamata sabon marubuci ya ɗauka daga magabata shi ne abin da suka ɗora a kanta. A Shaihu Umar tambaya ce: daga ina wannan malami ya fito, kuma me ya kawo shi nan? Amsar ita ce littafin gaba ɗaya, tun daga Kagara har ƙetaren hamada. A Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fitar tsakanin 1937 da 1939, haɗari ne: sarki ya tafi yaƙi, waziri ya ƙulla makirci, kuma kowane labari da aku ya bayar hanya ce ta tsare Musa kada ya fita ya faɗa tarko. Mai karatu yana jin daɗin labaran, amma abin da ya riƙe shi har da tsoron abin da zai faru idan aku ya yi shiru.

Mutum, Buƙata, da Ranar da Al'amari Ya Sauya

Shafin farko yana bin marubuci bashin abu biyu: mutumin da za a bi, da dalilin bin sa. Ga misali da aka shirya domin wannan bayani. Labarin na wani ɗan ci-rani ne da ya dawo gida bayan shekara huɗu. Ana iya buɗe shi haka:

“Garin Tasawa gari ne mai daɗaɗɗen tarihi, mai albarkar noma da kiwo, wanda Allah ya azurta da mutane masu karamci da son baƙi.”

Babu kuskuren nahawu a wannan jimla, kuma babu ƙarya a cikinta. Matsalarta ita ce za a iya cire sunan Tasawa a sa Madawa ko Magariya ba tare da wani abu ya sauya ba. Ba ta bar wa mai karatu wata tambaya ba. Ga wata hanya ta buɗe labarin nan dai:

“Kwaɗon da aka rufe ɗakin da shi ba nasa ba ne. Ya ajiye jakarsa, ya sake gwada makullin da ya yi shekara huɗu rataye a wuyansa, sai ya ji muryar ƙanensa daga cikin gida yana ce wa yara su yi shiru.”

A cikin jimla biyu an sami mutum, an san ya daɗe ba ya nan, an san ya tafi da niyyar dawowa tun da ya riƙe makullinsa, an kuma san akwai abin da ake ɓoye masa. Ba a ambaci ci-rani ba, ba a ambaci gado ko cin amana ba, amma mai karatu ya fara lissafi da kansa. Tarihin gari da albarkar nomansa suna iya zuwa daga baya, lokacin da aka kai ga maganar gona, kuma a nan za su yi amfani.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne ranar da rayuwar tauraro ta daina tafiya yadda ta saba, ko dab da ita. Mariama Bâ ta ƙasar Senegal ta buɗe Une si longue lettre, wanda ya fito a 1979, da wasiƙar da Ramatoulaye take rubuta wa aminiyarta Aïssatou bayan mutuwar mijinta. Shekarun aure, da kishiyar da aka yi mata, da ƴaƴa, duk sun shigo ne daga baya, a cikin zaman takaba. Chinua Achebe ya bi wata hanya a Things Fall Apart na 1958. Ya fara da sunan da Okonkwo ya yi, da kokawar da ta ɗaga shi, sannan nan da nan ya kawo mahaifinsa, mutumin da ya mutu da bashi ba tare da muƙami ba. Tun a babin farko mai karatu ya ga abin da Okonkwo yake gudu, kuma wannan gudun ne ya kai shi ƙarshensa.

A nan akwai abin lura. Fara labari a ranar sauyi ba ya nufin fara shi da harbin bindiga ko haɗarin mota. Mutuwar wanda ba a sani ba ba ta girgiza kowa. Jaridu cike suke da ita. Ƙaramin abu da ya sami mutumin da aka fara sani ya fi babban bala'in da ya faɗa wa suna kawai. Kwaɗon da aka sauya ya isa, matuƙar an ga hannun da yake riƙe da tsohon makulli.

Zaɓin Nahawu a Jimlar Farko

Ɗalibin harshe yana da wata dama a nan, domin abin da sauran marubuta suke ji a kunne kawai, shi yana iya gane shi da sunansa, ya gyara shi da gangan. Wurare uku sun fi muhimmanci.

Na farko shi ne bambancin mafayyaci da madanganci. “Wata mata ta shigo ofishin” da “Matar ta shigo ofishin” ba abu guda suke yi ba. Mafayyaci, wato wani, wata, wasu, yana gabatar da sabon abu, yana gaya wa mai sauraro cewa ba a sa ran ya san shi. Shi ya sa tatsuniya da hikaya suke son “an yi wani sarki”. Madanganci kuwa, wato -n da -r da ɗin, yana nuni ga abin da aka riga aka sani. Idan marubuci ya sa shi a jimlar farko, inda ba a ambaci komai ba tukuna, mai karatu yakan ji kamar ya shigo ana tsakiyar magana, sai ya kasa kunne don ya kamo abin da ya wuce shi. Kowanne yana da amfaninsa. Wanda yake son muryar dattijo mai ba da tarihi a natse sai ya ɗauki mafayyaci. Wanda yake son a jefa mai karatu cikin al'amarin kai tsaye sai ya ɗauki madanganci, da sharaɗin zai biya bashin bayanin kafin mai karatu ya gaji da jira.

Na biyu shi ne lokutan aikatau. Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu: na ɗaya, mai lamiran sun, mun, an, da na biyu, mai suka, muka, aka. Na ɗaya yana ba da rahoton abin da ya auku wanda sakamakonsa yake tsaye. Na biyu shi ne yake jan jerin aukuwa a cikin labari, kuma shi ne yake bayyana idan an ciro wani sashe na jimla an sa shi a gaba domin ƙarfafawa. A duba waɗannan:

“An sayar da gonar ranar Laraba.”

“Ranar Laraba aka sayar da gonar.”

Jimla ta farko tana sanar da cinikin. Ta biyu ta ɗauka an san da cinikin, abin da take kafawa shi ne ranar, kamar dai akwai wanda yake musu ko wanda ranar ta zame masa tabo. Dukansu sun ɓoye wanda ya sayar, domin an da aka ba sa nuna mai aikatawa, kuma wannan ɓoyewa kanta ƙugiya ce. Marubucin da ya san bambancin yana zaɓa da saninsa.

Akwai tarko a nan wanda rubutun boko ya haifar. Tun da ba a nuna tsayin wasali da karin sauti a rubutun yau da kullum, “ya tafi” tana iya zama shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, ko na biyu, ko kuma umarni da fata, kamar a “ka ce masa ya tafi”. A tsakiyar littafi abin da ya gabata yakan warware wannan. A jimlar farko babu abin da ya gabata. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce a mayar da jimlar jam'i: idan “sun tafi” ce ta dace, an san lokacin da ake ciki, idan “suka tafi” ce, to jimlar tana jingine da wani abu da ya kamata ya zo kafinta, sai a duba ko an yi hakan da niyya.

Lokaci sabau, mai yakan da sukan, da lokaci mai ci, mai yana da suna, su ne masu shimfiɗa yanayi. Suna faɗin abin da aka saba da abin da ake cikin yi. Labari ba ya motsawa a kansu. Sababbin marubuta da yawa sukan cika shafi biyu ko uku da yakan tashi, yakan tafi, yakan dawo, kafin su iso ga “wata rana”. Yana da kyau marubuci ya ɗauki alƙalami ya nemo wurin da “wata rana” ko “sai” ta farko ta bayyana a rubutunsa, ya ƙirga layukan da suke gabanta. Sau da yawa a nan ne ainihin mabuɗin yake, abin da ya gabace shi kuwa share fage ne da marubuci ya yi wa kansa.

Na uku shi ne wakilin suna, wato wa yake ba da labarin. Idan aka fara da “na”, an ba mai karatu mutum guda ya riƙe, an kuma ɗaure marubuci: mai cewa “na” ba zai san abin da ke zuciyar kishiyarsa ba, ba zai kuma faɗi abin da aka yi a ɗakin da ba ya ciki ba, sai dai in an gaya masa. Albert Camus ya nuna ƙarfin wannan zaɓi a L'Étranger na 1942, inda mai ba da labari ya buɗe da rasuwar mahaifiyarsa, amma bai tabbatar da ranar ba. Wannan rashin tabbas shi ne farkon sanin halinsa. Idan kuwa aka fara da “ya” ko “ta”, sai a yanke shawara ko mai ba da labarin ya san zukatan kowa ne, ko yana bin kafaɗar mutum guda. A wasu labaran Hausa da ake yaɗawa ta waya, marubuciya takan shigo da kanta, ta ce ta bi bayan tauraruwa da alƙalami don ta ɗauko wa masu karatu rahoto. Wannan gadon mai tatsuniya ne, kuma akwai masu jin daɗinsa. Sai dai duk wanda ya zaɓe shi ya sani cewa yana tunatar da mai karatu a kowane lokaci cewa labari ake ba shi.

Murya da Wuri

Shafin farko yana sanar da irin Hausar da za a yi tafiya da ita. Wannan batu ya shafi marubucin Nijar ƙwarai, domin yawancin littattafan da ya karanta daga Kano da Zariya da Kaduna suka zo, kuma yana da sauƙi ya ari bakinsu ba tare da ya lura ba. Sai a ga labarin da aka ce a Tawa yake faruwa, amma taurari suna ciniki da naira suna hawan acaɓa.

Kalma guda tana iya kafa wuri fiye da sakin layi na bayani. Wanda ya ce “dala ashirin” yana nufin tamma ɗari, ko ya ce “jika biyu” yana nufin dubu biyu, ya riga ya gaya wa mai karatu ƙasar da yake. Haka yaron da zai tafi lakwal yana tsoron mushe, ko matar da ta tsayar da ɗan kabu-kabu za ta je wurin lokotoro. Karin harshe ma haka yake. Mutumin Adar ko na Gobir da ya ce “sunka tahi” a inda Bakano zai ce “suka tafi”, ko ya sa dirka na da ta a inda daidaitacciyar Hausa take sa ne da ce, ya bayyana asalinsa ba tare da an faɗa ba.

Hanyar da ta fi sauƙin bi ga mai farawa ita ce a bar muryar mai ba da labari a daidaitacciyar Hausa, domin littafin ya karantu daga Dogon Dutsi har Kano, a bar wa taurari karin harshensu a cikin zance. Wanda yake son ya rubuta littafin duka da karin garinsu yana da iko, kuma akwai abin koyi a wajen Ahmadou Kourouma, wanda tun jimlar farko ta Les Soleils des indépendances, da ya fara fitowa a 1968, ya sanar da mutuwar wani mutum da salon maganar Malinke a cikin Faransanci. Ya nuna dokar littafinsa tun a bakin ƙofa, bai kuma saɓa mata ba. Abin da ba ya kyau shi ne a fara da wata murya a shafi na ɗaya, a sauya ta a shafi na goma ba dalili.

Kurakuran da Aka Saba Gani

Akwai wasu hanyoyin buɗewa da suka yawaita har suka daina aiki. Ɗaya ita ce yanayin gari: hadari ya haɗu, iska tana kaɗawa, tsuntsaye suna kuka. Yanayi yana da amfani idan ya shafi wani. Hadarin da ya haɗu a kan manomin da ya ci bashin iri labari ne; hadarin da ya haɗu don kawai a sami abin fara rubutu ɓata layi ne.

Wata ita ce siffanta tauraruwa daga gashi har tafin ƙafa: dogon hanci, dara-daran idanu, fararen haƙora, sannan a koma kan gidan mahaifinta da motocinsa. Irin wannan hoto ya yi kama da na ɗaruruwan taurari da suka gabata, saboda haka ba ya zama a ƙwaƙwalwa. Abu guda da mutum ya aikata ya fi sifa goma bayyana shi. Yarinyar da ta ɓoye takardar sakamakon jarrabawa a cikin tukunyar da ba a girki da ita an san ta, ko ba a faɗi launin fatarta ba.

Akwai kuma jero asali: kakan tauraro, matansa huɗu, ƴaƴan kowace da sunayensu. Mai karatu ba ya iya riƙe suna goma sha biyar da bai ga masu su suna yin komai ba. Suna biyu ko uku sun isa shafin farko, sauran su shigo lokacin da labari ya kira su. Haka nan buɗewa da dogon wa'azi a kan halin duniya, ko jera karin magana uku a jere, yakan sa mai karatu ya san darasin tun bai ga abin da ya haife shi ba. Karin magana ta fi armashi a bakin tauraro, a lokacin da ta dace da halin da yake ciki. Buɗewa da mafarki, inda ake tsaka da tashin hankali sai a ce ashe barci ake, tana koya wa mai karatu kada ya ƙara yarda da marubuci.

Game da yabon Ubangiji da salati da godiya, waɗanda rubutacciyar waƙa ta saba buɗewa da su, littafin zube yana da wurinsu na musamman a shafukan sadaukarwa da godiya, kafin babi na ɗaya. Idan aka ajiye su a can sun sami girmansu, babin farko kuma ya sami damar fara aikinsa.

Gyaran Mabuɗi

Ba kasafai mabuɗi mai kyau yake zuwa a zaman farko ba, domin a lokacin marubuci bai gama sanin labarinsa ba. Wanda ya tsaya yana goge jimlar farko wata da watanni yana iya rasa littafin gaba ɗaya. Abin da ya fi shi ne a fara da duk abin da ya zo, a tafi har ƙarshe, sannan a dawo. Wanda ya san inda labari ya ƙare shi ne ya san inda ya kamata ya fara, kuma shi ne zai iya duba ko alkawarin da shafin farko ya ɗauka an cika shi. Littafin da ya buɗe kamar na binciken kisa ya rikiɗe ya zama na soyayya zalla ya yaudari wanda ya saye shi, ko da soyayyar ta yi daɗi.

Idan an dawo gyara, gwaji uku suna taimakawa. Na farko, a rufe sakin layi na ɗaya da hannu a fara karatu daga na biyu. Idan ba a rasa komai ba, sai a cire shi, a sake gwada na biyun. Na biyu, a karanta shafin da ƙarfi. Hausa harshe ne mai karin sauti, kunne yakan kama abin da ido ya tsallake: jimlar da numfashi bai kai ƙarshenta ba, kalmar da aka maimaita, ko amsa-kama da aka tara har suka yi yawa. “Tsit” guda a wurin da ya dace ta fi biyar a sakin layi ɗaya. Wannan gwaji ya ƙara muhimmanci yanzu da ake karanta littattafan Hausa a gidajen rediyo da kuma YouTube, inda mai sauraro ba shi da damar komawa baya da ido. Na uku, a ba wanda bai san labarin ba shafin farko kaɗai, kada a tambaye shi ko ya yi daɗi, domin kunya za ta sa ya ce ya yi. A tambaye shi wa yake bi a labarin, kuma me yake son ya sani a gaba. Idan ya rasa amsa, da sauran aiki.

Daga ƙarshe sai ƙa'idojin rubutu. Kuskure a shafi na tamanin ana iya yafe shi, amma a layin farko yakan zubar da mutuncin littafi. A kula da haruffa masu ƙugiya, domin kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, haka bari da ɓari. A kula da rabawa da haɗewa, musamman “a kan” mai nuna wuri da “akan” ta lokaci sabau. A Nijar ana rubuta ƴ a inda Najeriya take rubuta y mai ɗauke da alamar ɗauri a gabanta. Marubuci ya zaɓi ɗaya gwargwadon inda zai buga littafinsa, ya tsaya a kai daga farko har ƙarshe.

Kammalawa

An ga cewa marubuci ya rasa abin da mai tatsuniya take da shi, wato jama'ar da ta riga ta zauna ta kuma amsa. Marubutan gasar 1933 sun cike wannan giɓi da dandalin da suka gina a cikin littafi, marubucin yau kuwa yana cike shi da mutumin da za a bi, da tambayar da za a so jin amsarta, da muryar da za a yarda da ita. Hanyar kaiwa ga waɗannan ta bi ta kan abubuwan da ake koyarwa a darasin ginin jimla da na karin harshe: wani ko -n, sun ko suka, na ko ya, naira ko dala. Ɗalibin da yake da labari ajiye a littafin rubutu ko a waya yana iya farawa da ɗauko shafinsa na farko, ya ja layi a ƙarƙashin kowane lamirin lokaci, ya ga a layi na nawa ne wani abu ya fara faruwa da wani.